Lemon 'Yan Dubiya

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Jega daga Alelu, in ka cire biki da gaisuwar mutuwa, to ina tsakar gidana tsakanin murhu da randa. Kunnena ne dai ke yawo. Abin da aka faɗa a zaure, da wanda aka yi raɗarsa a bayan katanga, duk yana iske ni har madafa, kuma ba ni da mantuwa.

A shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, lokacin bakin mutane bai ma saba da sabon sunan ba, maigidana fataucin albasa yake yi. Ya saya a gonakin Jandutsi da kasuwar Aliero, a loda a manyan motoci a yi Kurmi da ita. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai fi nawa da wani abin kirki ba. Mutum ne mai son zaƙi tun yana saurayi. Shayinsa in ka kurɓa sai leɓɓanka sun manne. A kasuwa kuwa lemon kwalba ne ruwansa. Ciniki ya faɗa a buɗe kwalba, ciniki ya watse a buɗe don a huce. Na sha yi masa magana, ya ce ai ranar Aliero ba ta san ruwan randa ba.

Sai ya fara ramewa, ga ƙishirwa kamar wanda ya kai azumi. Muka ce wahalar kaka ce. Wata rana ya dawo daga Jandutsi, ya zauna zai yi alwala, na ga jini a tabarma. Na ce ya ɗaga ƙafa. Kututturen kara ne ya huda tafin ƙafarsa ta dama, kusa da yatsu, kuma wallahi bai san ya taka komai ba. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Mutumin da ko ƙayar ƙarangiya ta taɓa shi sai unguwa ta ji.

Muka gasa da ruwan zafi, muka shafa abin da aka ce a shafa. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Ranar da na ga ƙuda na bin sa har ɗaki na ɗauki mayafina na ce asibiti, ko ya tashi ko in kira maƙwabta su ɗauke shi.

Likitan wani dogon mutum ne mai Hausar 'yan makaranta, ba ya kewaye-kewaye. Aka ɗibi jini da fitsari, muka jira. Da aka kira mu sai ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jiki. Ya ce muddin sugan yana sama wannan gyambon ba zai rufe ba, in kuwa ya ci gaba da ci, za su tura mu babban asibiti a Sakkwato, can kuma abin da za a yi shi ne a yanke ƙafar. A gabana ya faɗa. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a riƙa zuwa wankin gyambon, ya jera abin da za a bari: suga, zuma, kunun zaƙi, lemon kwalba kowane iri, fura ma a rage ƙwarai.

Muna isa ƙofar gida Malam ya tsaya, ya dafa bango.

"Kada kowa shi ji wagga magana. Kara na yas soke ni, shi ke nan."

Na ce, "Ko Yaya?"

"Ita nika gudu."

Yaya ita ce babbar yayarsa, tana aure a Andarai ta ƙasar Maiyama. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har ya yi gemu Auta take ce masa. Ita kuma ta yi jinyar wani kawunsu da wannan ciwon ya ci ƙafarsa, bai tashi ba. Tun daga nan in aka ambaci suga a gabanta sai ta yi a'uziyya ta tashi daga wurin. Malam ya ce in ta ji za ta fara yi masa kukan mutuwa yana zaune, su kuma 'yan kasuwa su riƙa kallonsa kamar wanda ya fara bankwana. Ya sa na yi alkawari. Na yi.

To a nan ne aka samu matsala, domin a garinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Da can fura ake kaiwa, ko kaza. A wancan lokacin kuwa abin yayi shi ne lemon kwalba, musamman baƙin nan na malt mai kumfa, da madarar gwangwani. Kowa ya yarda in aka haɗa su biyun suna ƙara jini. Kuma ba kawowar ce kaɗai al'adar ba. Dole mara lafiya ya sha a gaban wanda ya kawo. In ka ture gefe ka ce sai an jima, ko dai ka raina abin mutum, ko kana zargin ya zuba maka wani abu. Wannan ta biyun kuwa tana iya raba zumuncin shekaru.

Malam mutum ne na jama'a. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure, mutane suka yi ta zuwa, manoma da dillalai da direbobi, har mahautan da yake sayen nama wurinsu. Ina bayan labule ina ji.

"Alhaji, ka rame hwa. Ina jininka yat tahi?"

"Wanga kara bai yi maka adalci ba. Ku buɗe mai shi sha."

Sai in ji ƙarar buɗe kwalba, in ji Malam yana cewa, "Allah shi bar zumunci," in ji maƙogwaronsa yana aiki. Wani ya fita wani ya shigo da tasa kwalbar. In na yi masa magana da maraice sai ya ce, "To mi kika so in yi? Mutum ya taso tun daga Alelu bisa keke." Ni kuma na san ba kunya ce kaɗai ba. Yana son abin.

Da muka koma wanki aka kwance bandeji, sai mai wankin ya je ya kira likita. Likita ya duba, ya sa aka sake gwaji, ya dawo ya zauna.

"Alhaji, me kake sha?"

"Ruwa."

Ya juyo ya dube ni. Na dubi ƙasa.

"Hajiya, simintin nan ba zai ba ni amsa ba."

Na ce, "Likita, mutane na ka zuwa dubiya."

Bai nemi ƙarin bayani ba, da alama ba a kanmu ya fara ji ba. Ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi a bayan ƙafar Malam, sama kaɗan da inda jan kumburin ya tsaya. Ya ce duk ranar da jan ya haye wannan layin, ba shi da sauran magana, sai Sakkwato. Malam ya zuba wa layin ido.

Ban san inda na samo bakin ba, na ce, "To sakarin hwa, irin na masu kunu?"

Ya ce sakarin ba ya ɗaga suga, don ba abinci ba ne, zaƙi ne kawai a harshe. In ɗan kaɗan ne ba laifi. Amma ya ce kada in ɗauke shi magani, ruwa ya fi shi, kuma abin da ake so shi ne a yaye harshen Malam daga zaƙi gaba ɗaya. Na riƙe wannan kalmar ta yaye, don ita na sani. Na yaye 'ya'ya, na san ba a yi rana ɗaya.

Maƙwabciyata ta bayan katanga kunu take sayarwa. Na leƙa ta inda ginin ya zube na ce ta sam min sakarin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke da kuka hura ma mutane hanci da suga mai ƙwaya? Ko sana'a za ki ƙwace min?"

Na ce gwadawa nake so in yi. Ta miƙo min wani ɗan ƙulli a takarda, farin abu kamar gishiri. Na ce na ji mata suna cewa yana tsinka hanji.

"Rabin Jega kununa sunka sha sunka girma. Nuna min wanda hanjinai yat tsinke. Amma ki ji, kan tsinke guda ya ishi tulu. In kin wuce nan, kin ɓata."

Dabarar da na yi ita ce, na dafa baƙin shayi mai ƙarfi, na sa shi a cikin randa ya yi sanyi, na ɗiga madara kaɗan, na burge da maburgi har ya yi kumfa. A kofin silba mai murfi, in ba ka kai hanci ba, za ka rantse malt ne da madara. Na gaya wa Malam daga yau duk wanda ya kawo kwalba, zan fito in gaishe shi, in karɓa in ce bari in haɗa masa a ciki. Ya dubi ƙafarsa, ya ce to.

Ranar farko ban bi maganar kan tsinke ba. Na ga kamar abin ya yi kaɗan, ga mutum mai son zaƙi, sai na ƙara da ɗan yatsa. Wani dattijon dillali ne ya zo daga Aliero. Na kai kofi, na koma bayan labule na leƙa. Malam ya kurɓa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Dattijon ya ce, "Ya ji maka ko? Wanga na asali na, ba irin na yanzu ba."

"Ya ji min ƙwarai," in ji Malam, ya runtse ido ya shanye.

Da baƙon ya tafi ya kira ni. "Kin taɓa lasar ƙusa mai tsatsa wadda anka tsoma cikin maɗaci?" Na ce a'a. Ya miƙo min kofin. Na lasa, na tofar, muka yi ta dariya, dariyar da rabonmu da ita tun kafin asibiti.

Daga baya hannuna ya faɗa. Nakan jiƙa kan tsinke in taɓa, shi ke nan. Wani lokaci in dafa soɓorodo da citta da kanumfari in an kawo jan lemo. Kwalaben kuwa ba su yi asara ba. Abin da baƙon jiya ya kawo, shi nake buɗe wa baƙon yau, har aka fara cewa gidan Alhaji ba a taɓa ganin karamci irin nasa ba, yana kwance yana shayar da gari. Kullum da safe kafin in hura wuta sai na duba ƙafar. In layin biro ya fara gogewa a wajen wanki su sake ja. Jan ya tsaya inda yake. Bai ja baya ba, amma ya tsaya.

Sai ga Yaya.

Da hantsi ta sauka, da ƙullin kayanta a ka, da leda cike da kwalaben malt da gwangwanayen madara. Labari ya kai mata Andarai cewa Auta yana kwance. Ta shigo ta zaure, ta gan shi, ta sauke kaya.

"Auta, kai na wanga? Amarya, mi kika ba ɗan uwana, iska?"

Amarya take ce min har yau da jikoki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ba inda za ta sai ya tashi. Ta sa aka mai da shi ɗakinsa na cikin gida, ta ce zaure ba wurin jinya ba ne.

Ranar na tsira. Na karɓi kwalbar na ce bari in sanyaya a randa, na kawo nawa haɗin, ya sha. Washegari ma na yi haka. Amma Yaya ba dillalin albasa ba ce. Ta yi sana'ar kunu a ƙuruciyarta, kuma ba ta barin ragowa a kofi. Malam ya sha ya ajiye, ta ɗauka ta kurɓe sauran. Ta tsaya. Ta motsa baki. Ta sake lasa.

"Amarya, zo nan."

Na zo.

"Mi na wanga?"

Na kai hannu zan ɗauke kofin, ta janye shi.

"Shayi na. Da sakarin. Ni za a yi ma sakarin? Ina abin da nik kawo?"

Na ce yana nan cikin ɗaki.

"Shina nan cikin ɗaki. Mutum shina kwance ba jini, ke kina ɓoye abin da za shi tashe shi, kina ba shi ruwan ganye. Wa kika aje mawa? 'Yan Alelu?"

Maganar ta shige ni, don a iya zamana da ita ba ta taɓa kawo sunan garinmu cikin faɗa ba. Na dubi Malam. Yana kallon rufin ɗaki kamar yau ya fara ganin azara. Na yi alkawari, don haka na haɗiye.

Yaya ta tashi da kanta ta shiga ɗakina, ta ɗauko kwalba biyu da gwangwani. Ta fasa gwangwanin da wuƙa, ta buɗe kwalaben da haƙori, ta juye a babban kwano a gabanmu. Kumfa ya taso, ƙamshin ya cika ɗakin. Ta miƙa masa.

"Karɓi. Da hannuna nih haɗa. Shanye ina gani."

Ya karɓa. Hannu biyu ya sa, kamar yadda yake karɓar komai daga wurinta. Na ga yana kai wa baki. Ban san ko kunyarta ce ko ƙamshin ne ba, wataƙila duka biyun.

Na ce, "Malam, ni dai na riƙe abin da kac ce in riƙe. Amma ƙahwar taka ta, ba tawa ba."

Yaya ta ce, "Mi tac ce?"

Kwanon ya daɗe a tsakanin ƙirjinsa da bakinsa. Sannan ya sauke shi ƙasa a hankali, ya ture shi da bayan hannu. Ya janye zanen da ya rufe ƙafar, ya nuna mata layin biro.

"Yaya, ciwon Kawu na gare ni. Likita ya ce in jan ga ya wuce nan, yankewa za a yi. Lemon ga shi ka tura shi. Ni nih hana ta hwaɗi."

Na jira kukan da yake tsoro. Bai zo ba. Yaya ta zauna a bakin gado, ta ɗauki ƙafar ta aza a cinyarta, ta daɗe tana dubawa. Da ta yi magana muryarta a ƙasa take.

"Kawu zuma nika ba shi da hura, sahe da marece, don shi samu ƙarhi. Ba wanda yag gaya min."

Sai ta ɗago ta dubi Malam.

"Kai kuma da na tahi da kai lahira da hannuna, kana ce min Allah shi bar zumunci. Sakarai."

Ta juyo gare ni. Yaya ba ta iya ba da haƙuri ba, ba a halicce ta da shi ba. Abin da ta ce shi ne, "Shayin naki ya yi ruwa. Gobe ki ƙara ganye." Na ce to. Na ɗauki kwanon na fita, na zauna a madafa. Wani nauyi ne ya sauka daga kaina wanda ban san girmansa ba sai da ya sauka.

Ranar wanki ta bi mu asibiti. Ta tsare likita da tambayoyi, tun daga tuwon dawa har goro, ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Muna dawowa ta sa aka mai da Malam zaure, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa. Tsohuwa ce, ba mai ce mata ta koma ciki. Duk wanda ya yi sallama sai ta dubi hannunsa kafin fuskarsa.

"Sannu da zuwa, ɗana. Aje kwalbar nan. Suga gare shi, likita ya hana. In kana son shi da rai, gobe ka zo da yalo ko zogale."

Haka asirin da muka yi ta ɓoyo ya zama gaisuwar bakin ƙofa. Malam ya so ya nutse don kunya. Amma abin da ya ji tsoro bai faru ba. Wani manomi ya ce ai babansa ma shi gare shi, yana nan yana noma. Wani mahauci ya matso ya tambaya a hankali ko yawan ƙishirwa alama ce, don shi ma abin yana damunsa. Dattijon dillalin nan ya dawo, ya ji labarin shayin, ya yi dariya har da tari, ya ce shi dama ya ga idon Alhaji ya kawo ruwa, ya ɗauka daɗi ne.

Ana cikin haka taubashinsa ya dawo daga Kurmi. Direban babbar mota ne, shi ke kai masa albasa Legas, kuma ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba.

"Ina bawana? An ce ka zama buhun suga, na zo in auna ka in sayar ma masu shayi."

"Shigo, matsiyaci. Motarka ta kai ko tura ta anka yi?"

Ya zaro wani gwangwani daga aljihun riga. Lemo ne, amma ya ce irin na Turawa ne da ba a sa masa suga ko ƙwaya ɗaya, a wani babban kanti ya samo, masu wannan ciwon ake yi wa. Mu dai ba mu taɓa ganin lemo a gwangwani ba ma. Yaya ta miƙa hannu ta ƙwace.

"Lemo ba suga? To mi yas sa shi lemo?"

"Yaya, rubuce shike a jiki."

"Kai ka iya karatu na?"

Ta ɗaure shi a gefen zane, sai da aka kai wa likita. Ya duba, ya ce gaskiya ne, dangin sakarin ne a ciki, zai iya sha jefi-jefi, amma kada ya mai da shi ruwan sha. Aka dawo gida aka buɗe, muka kewaye Malam kamar ana raɗin suna. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

"Sakarin na, an sa mai riga mai tsada. Na gida ya hi shi."

Ya miƙa wa taubashin ya ce ya shanye abinsa, tunda shi ya sha wahalar ɗaukowa.

Yayen kuwa a hankali na yi shi. Yau in taɓa kan tsinke, gobe in taɓa rabi, wata rana in manta da gangan. Ya yi ƙorafi, ya yi fushi, akwai ranar da ya ce shi da wanda ke gidan yari ba su da bambanci. Na ce na gidan yari yana da ƙafa biyu. Na sayo sabuwar randa na turara ta, na ajiye masa kusa, na ce duk lokacin da ransa ya raya masa lemo ya fara shan moɗa guda tukuna. Na koyi jiƙa tsamiya tsululu, da soɓorodo mai yaji ba zaƙi. Mu ma duk gidan muka koma haka, don ba ya yiwuwa a sha a gabansa. Wata rana ina yanka albasa ya ɗauki yanki ya tauna, ya ce, "Ashe albasar Aliero zaƙi gare ta." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikinta. Ƙullin sakarin ɗin ban ma ƙarar da shi ba.

Jan ya fara ja da baya tun Yaya tana nan. Warin ya ɗauke, ramin ya fara cikowa da jan nama mai kyau, ana wanki yana cewa wash, likita ya ce wannan wash ɗin ma alheri ne. Amma ban saki jiki ba. Duk ranar wanki da faɗuwar gaba nake fita.

Ranar ƙarshe, bayan an fara ruwa, aka kwance bandeji ba a mayar ba. Likita ya danna wurin da yatsa, ya juya ƙafar, ya duba tsakanin yatsu. Ya ce fata ta rufe. Ya ce ciwon suga yana nan, ba ya tafiya, ƙwaya da kiyaye baki har abada, kuma a riƙa duba ƙafar kullum. Malam ya ce, "Sakkwato hwa?" Ya ce, "In za ka je sayen kaya, Allah ya kiyaye hanya."

Yaya ta ce alhamdu lillahi, ta sake faɗa, ta goge ido da bakin mayafi ta ce hayaƙin maganin asibiti ne.

A bakin titi masu kabu-kabu suka taso mana. Malam ya ɗaga musu hannu ya ce da ƙafa zai tafi. Yaya ta ce ya haukace, gida da nisa. Bai saurare ta ba. Ya bi ta cikin kasuwa, yana ɗan ɗingishi, yana dire ƙafar dama a hankali kamar wanda ke taka gonar wani. Mahauta suka hango shi suka fara kira, masu albasa suka taso. Ni da ban san hanyoyin kasuwar Jega ba na bi bayansa, Yaya tana gefena tana mita. Mutane suna ta gaishe shi, ni kuwa ban ɗaga kai na ga fuskar kowa ba. Diddigensa nake kallo, wannan ya tashi wancan ya sauka, har muka isa gida.